Sifili Ba Ya Isa

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Yau ma kofi biyu na sauko da su. Sai da na zuba ruwan zafi a na biyun sannan na tuna. Na shanye duka, don matata Glenys ba ta son ɓarna, kuma shekara talatin na aure ba sa fita daga jikin mutum a wata huɗu.

Jiya 'yata Tegan ta zo cin abincin rana kamar kowace Lahadi, amma ba ta ci ba. Jirgin ruwansu zai tashi zuwa Antatika ranar uku ga Nuwamba, sai shekara ta zagayo za ta dawo. Ita ce bakanikiyar da za ta riƙe musu injinan wuta a tashar bincike da ke can har hunturu ya wuce. Ta ce kafin ta tafi tana so mu kai tokar gawar mamanta Cloudy Bay, can bakin teku a tsibirin Bruny, kamar yadda mamar ta faɗa da bakinta. Na ce ba yanzu ba. Ta ce yaushe? Na ce ba yanzu ba. Abin da ta faɗa bayan wannan ba zan rubuta shi a nan ba, abin da na mayar mata ma haka. Ta ɗauki makullin mota ta fita, ta bar ƙofa a buɗe, iska ta rufe mata.

Kwalin tokar yana nan saman kabad, ta gefen gadon da ba na kwana. Bai tare wa kowa hanya ba.

Na tura mata sifili. Ya shiga.

Talata, 14 ga Oktoba, da la'asar, a ofis

Col ya kira tun ban ajiye jaka ba. Shi ke kula da kejin kifi a Dover, kuma murya gare shi kamar yana magana da mutumin da ke wancan gaɓar.

"Nev, yau ma rahoton bai zo ba. In ban san yawan iskar da ke cikin ruwa ba, ban san in ba kifin nan abinci ko in hana su ba. Wa kake so in tambaya, tsuntsayen teku?"

Na ce ya ba ni minti biyar.

Abin ba shi da wuya, shi ya sa yake ƙona mini rai. Babban shirin kwamfuta, wanda a sana'armu ake ce wa mahaifi, yakan haifi 'ya'ya biyu kowace safiya ya sa bututu a tsakaninsu. Ɗaya ya bi ma'aunan da ke cikin keji ya zuba abin da suka auna ta wannan baki, ɗayan ya karanta ta wancan baki har ƙarshe, ya haɗa rahoto ya aika wa Col. Ni na sake rubuta shi makon da na dawo aiki, don hannuna ya sami abin yi. Yawancin ranaku lafiya lau. Wasu ranaku kuma mai karatun ya tsaya cik, bai mutu ba, bai gama ba. Na aika masa siginar kisa da hannu, na tayar da su daga farko, rahoto ya tafi.

Malakai, wanda teburinsa ke kallon nawa tun da muka tare a ginin nan, yana cin mitfai yana kallona.

"Dattijo, wannan fa ba gyara ba ne. Kisan kai kake yi kullum da safe."

"Ci abincinka, ƙato."

"Ina ci. Yaya Tegan?"

Na ce lafiya. Ban yi ƙarya ba, sifilin safe ya shiga.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da magariba

Dusar ƙanƙara ta sake sauka a kan dutsen bayan gari. Shiru. Sifili ya shiga.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi

Walabi, dabbar nan mai kama da ƙaramin kangaru, ya sake ratso shinge ya aske mini alayyafo kamar wanda aka biya. Na same shi a tsaye yana tauna yana kallona, ko kunya babu. Glenys ce mai korarsa da tsintsiya. Ni na tsaya muna kallon juna, don gaskiya shi ne baƙon farko da ya shigo gidan nan a makon.

Ina ta tunanin inda sifilin nan ya samo asali. Tegan tana aji biyar ko shida, tana zaune a teburin kicin ina aiki, ta tambaye ni mene ne sigina. Na ce mata kamar taɓa kafaɗar mutum ne. Babu magana a ciki, lamba ce kawai: wannan lamba tsaya, waccan ci gaba, ta tara kuwa mutu, kuma ba a yi mata gardama. Ta ce to sifili fa? Na ce sifili ba ya taɓa kowa. Tambaya ce kurum, wane yana nan da rai? In yana nan, a ce maka eh, shi ke nan. Abin ya burge ta. Da ta girma ta fara tuƙi, ta fara tafiye-tafiyenta na daji da teku, sai ya zama al'adarmu: in tura mata 0, in ga alamar ya shiga, hankalina ya kwanta. Ba sai ta amsa ba.

Glenys ta tsani abin nan. "Ku da sifilinku," in ji ta. "Mutane baki suke buɗewa, Neville." Amma ba mu damu ba, tunda tana nan. Ki gaya wa 'yarki ta duba tayoyin motarta. Mama, ki ce wa Baba ya je a duba masa idon nan. Duk wata magana mai nauyi tsakanina da yarinyar nan ta bakin Glenys take bi. Ban taɓa lura da haka ba sai Lahadin da ta wuce, da muka zauna mu biyu a tebur muka rasa ta inda ake farawa.

Ina kewarta. To, na rubuta.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na gasa ƙafar rago, ko da wani zai zo. Zan ci ta har Alhamis.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan tashi daga aiki

Mai karatun ya sake tsayawa. Col bai ma yi faɗa ba, cewa ya yi, "Nev, in kana bukatar hutu ka ɗauka, kifi ba sa guduwa." Na fi son faɗan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙararrawa. Na sa mai gadi a cikin manhajar, yana tura wa kowannensu sigina sifili a kai a kai, in wani ya mutu ya buga mini waya. Bai taɓa bugowa ba. A wurinsa kowa lafiya.

Malakai ya jawo kujerarsa ya zo muka duba tare, ba mu ga komai ba. Yana tashi idonsa ya faɗa kan wayata, ya ga jerin sifilai daga sama har ƙasa, babu amsa ko ɗaya. Ba ya iya ganin abu ya yi shiru.

"Kai ka koya mini fa, dattijo. In mutum ya toshe sigina, ko ɗari ka aika, ranar da ya buɗe guda ɗaya zai gani. Ba sa bin layi."

"Shiru ma magana ce."

"A gidanmu in ka yi wa mamata shiru, da ludayi za ta amsa maka. Kira yarinyar nan mana."

"Ta san lambata."

"Kai ma ka san tata. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ya ɗauki rigar ruwansa. "Ranar Lahadi bayan coci muna dafa abinci a rami, matata Sela ta ce in ban zo da kai ba ni ma kada in dawo."

Na ce ina da aiki. Ya dube ni ya girgiza kai ya tafi. Mutumin kirki ne, sai dai gidansu mutum ashirin ne a tebur, kuma kowa zai riƙe hannuna ya tambaye ni yaya ƙarin haƙuri.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Ranar baje kolin gona, babu aiki. Kowa a garin nan ya sani ba a dasa tumatir sai wannan rana ta wuce, in ba haka ba sanyi ya kashe. Glenys takan tashi tun ba a ga tafin hannu ba da kwandon dashenta, kamar wani zai riga ta. Bana ba wanda ya yi iri.

Sifili ya shiga.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

Na je kasuwar Salamanca sayen burodi, ko kuma haka na gaya wa kaina. Na ga Tegan a bakin tashar jiragen ruwa tare da abokan tafiyarta, kowa da sabuwar rigar sanyi ja. Ta rage gashinta. Wani dogo ya faɗi wata magana kowa ya yi dariya, ita ma ta buɗe baki daidai lokacin da ya kamata, amma na san dariyar 'yata, wannan ba ita ba ce. Ta rame.

Ina bayan rumfar mai zuma. Na tsaya har mai zumar ta ce, "Bawan Allah, saye za ka yi ko gadi?" Na sayi kwalba ɗaya na dawo gida. Akwai uku a kabad ɗin kicin.

Ban manta burodi ba, ban dai saya ba.

Litinin, 27 ga Oktoba, da magariba

Tegan ta kira. Ina wanke kwano, hannuna da kumfa, na kusa yar da wayar.

"Baba, ka daina turo mini sifili."

Na ce ai ba sai ta amsa ba.

"Na sani. Kai ka koya mini. Ka kuma koya mini cewa sifili ba ya isa wurin wanda aka aika wa. Ko ka manta? Ba ya jin komai, bai ma san an aiko ba. Mai aikowa ne kawai yake samun kwanciyar hankali."

Na kashe famfo.

"Na gan ka ranar Asabar a bayan mai zuma. Baba, kai kaɗai ne a Tasmaniya mai wannan hular."

Na ce ban so in katse mata hira ba.

"Eh, ina da rai. Ina ci, ina sha, ina zuwa horo. Abin da kake son sani ke nan, ko? To ka sani." Muryarta ta sauka. "Ko kuka ban yi ba, Baba. Tun a asibiti. Ina ta jira abin ya ƙare in yi, ya ƙi ƙarewa. Litinin mai zuwa zan tafi, da kai ko ba kai."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, ta duba ko sun ba ta safar hannu mai kyau.

Ta kashe.

Talata, 28 ga Oktoba, da safe

Ban tura ba. Hannuna yana ta zuwa aljihu.

Laraba, 29 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma, a ofis

Na gano shi.

Da safe ya sake tsayawa, Malakai ya riƙe mini hannu kafin in kashe. "Bar shi, dattijo. Yau dai mu tambaye shi abin da yake jira." Ya kira Col da kansa ya karanta masa awon ta waya, ni kuma na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mai rubutun ba ya nan. Ya daɗe da mutuwa, wani ma'auni a keji na shida ne ya lalace ya tafi da shi. Wannan ba komai ba ne, yana faruwa, kuma shiri ya san da shi. Mai karatun yana nan a bakin bututu yana jira. Dokar kuwa ɗaya ce, ko ɗalibin shekarar farko ya san ta: mai karatu ba ya sanin an gama sai duk wanda ke riƙe da bakin zubawa ya saki. In an saki, sai ya miƙa hannu ya ɗebo, ya samu sifili, ba ko harafi ɗaya. Wannan sifilin shi ke gaya masa babu sauran abin da zai zo, ya tattara abin da ya samu ya ci gaba. Amma muddin akwai mutum ɗaya da bai saki ba, ko da ba ya zuba komai, mai karatu zai zauna har tashin duniya.

Na duba wa ke riƙe da shi. Mahaifin ne. Da na sake rubuta shi, na sa ya ajiye bakin a hannunsa ko da za a bukaci sabon mai rubutu. In komai ya tafi daidai yakan saki. In mai rubutu ya mutu bai tashi ba, sai ya wuce kai tsaye ya zauna jiran ɗansa ya gama, bakin bututu na hannunsa. Mahaifi na jiran ɗa, ɗa na jiran mahaifi. Mai gadina kuma yana ta zagayawa da sifilinsa, wane yana da rai? Eh. Wane fa? Eh. Kowa lafiya.

Layi ɗaya ne gyaran. Na rubuta shi, na gwada, mai karatu ya samu sifilinsa, rahoto ya fita.

Malakai yana tsaye a bayana yana karanta allon. Na jira ya yi tsiyarsa. Sai ya dafa kafaɗata da wannan hannun nasa kamar faranti, ya tafi haɗa shayi. Ya daɗe ƙwarai a wurin haɗa shayin.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da hantsi

Ban je aiki ba. Na sauko da kwalin na ajiye a teburin kicin. Ya fi yadda nake tsammani nauyi.

Ba wai ban san ta tafi ba. Ina wurin. Amma in kwalin yana saman kabad, to mu biyu ne a gidan. In na kai ta Cloudy Bay, Tegan kuma ta hau jirgi, saura ni da walabi. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da safe

Na kira ta. Ta ɗauka.

Na ce, "Gobe akwai jirgin fito da safe. Zan zo in ɗauke ki. Ki sa takalmin ruwa."

Ta ce, "Ka zo da fulas. Shayin cikin jirgin nan kamar ruwan wanki yake."

Asabar, 1 ga Nuwamba, da magariba

A jirgin fito muka zauna cikin mota. Kwalin na kan cinyarta, ta ɗaura masa bel tare da ita. A Bruny hanya ta yi laka, ta ce in bar mata tuƙi, tuƙina na tsofaffin mata ne. Na bar mata.

Cloudy Bay ba kowa sai wasu masu hawan igiyar ruwa can nesa. Nan Glenys takan shiga ruwa ko a tsakiyar hunturu, ta fito leɓe shuɗi tana ce mana ragwaye. Muka shiga har gwiwa. Tegan ta miƙo mini kwalin, ta jiƙa yatsa ta ɗaga sama, ta juya ni don iska ta kasance a bayanmu.

Na tsaya. Ban san tsawon lokacin ba, ƙafafuna dai sun daina jin sanyi. Murfin na hannuna, na kasa.

"Baba," ta ce, a hankali. "Ba zan karɓe daga hannunka ba. Kai za ka saki."

Na ce mata ina tsoron gidan. Haka na faɗa, da bakina, ba ta bakin kowa ba. Ta ce ta sani, ita ma tsoron tashar take ji, makonni babu rana. Na ce mamarki da tana nan da ta ce mana ragwaye. Ta ce da ta riga ta faɗa sau uku.

Na buɗe. Na zuba rabi, na ba ta ta zuba sauran. Ruwa ya yi fari kaɗan, igiya ta zo, ta koma.

Tegan ta juya kwalin ta bubbuga gindinsa, ta leƙa ciki, ta nuna mini.

"Sifili, Baba."

Daga nan kukan ya zo mata. Ban taɓa jin irinsa ba, ko tana jaririya. Na riƙe ta a cikin ruwan, hulata ta faɗi igiya ta tafi da ita, ba wanda ya bi ta. Da muka fito muka zauna a bayan mota muka shanye fulas ɗin, tana ta jan hanci tana ba ni labarin dogon nan mai ban dariyar da ba ta da daɗi. Sunansa Angus. Na lura ta faɗi sunan fiye da yadda labarin yake bukata.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da yamma

Mun je gidan Malakai, mu biyu. Kowa ya riƙe hannuna. Ban mutu ba. Sela ta cika mini mota da abinci, da dashen tumatir shida da suka rage mata.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da la'asar

Jirgin ya tashi da hantsi. Na tsaya a gaba, ba a bayan rumfar kowa ba. Na bi shi da ido har ya wuce bakin kogi, sannan na dawo gida.

Gidan shiru, kamar yadda na yi tsoro, ba ragi. Saman kabad akwai alamar inda kwalin ya zauna, ƙura ta zagaye wurin. Na dasa tumatir. Na makara, amma sanyi ya wuce. Na haɗa shayi, na sauko da kofi biyu, na mayar da ɗaya.

Ta ce akwai hanyar saƙo a jirgin, tana zuwa tana ɗaukewa. Na ɗauki waya, babban yatsana ya danna 0 da kansa. Na goge. Na zauna ina kallon wurin rubutun kamar ɗan aji ɗaya. Can na rubuta mata cewa na dasa tumatir shida, kuma ina shiga wanke hannu walabi ya cinye biyu, kuma kicin ɗin ya yi mini girma.

Shayin ya huce kafin amsa ta zo.

"Ci gaba, Baba. Ina karantawa."